Asabar ɗin da Baba Ya Aro daga Bur Sudan

A Jidda ba a zama gaban wuta don jin ɗumi. Duk wanda ya ce miki ya taɓa jin ɗumin murhu a unguwarmu Hindawiyya don sanyi, to ko dai zazzaɓi ke damunsa ko kuwa ƙarya. Mu gyaɗa ce ta tara mu. Kakata, Hajja Yalwa, ita take sayarwa a bakin kasuwa, kuma kullum bayan sallar magariba take suyar ta gobe a tsakar gida, cikin wani tsohon kasko cike da yashi. Ni da ƙanena Usman da 'ya'yan maƙwabta mukan kewaye ta, gumi na tsiyaya, muna murje ɓawo, muna jefa ɗai-ɗai a baki in ta juya. Ita kuma ta biya mu da tatsuniya.

Gidanmu sandaka ne, wato katako da kwano, kamar yawancin gidajen Takari a lokacin. Daga gaba shagon Babana yake, Idrisu tela, labule kawai ya raba shi da tsakar gida. Saboda haka duk tatsuniyar da na ji a ƙuruciyata, da ƙarar keken ɗinki na ji ta. Baba na jin mu, mu ma muna jin sa. In Kaka ta zo wurin ban dariya, sai ka ji keken ya tsaya, dariyarsa ta ratso labule, sannan keken ya ci gaba.

Mutum ne mai barkwanci tun yana da lafiya, wannan ba na musu. Abin da har yau nake jin haushinsa shi ne yadda ya mai da barkwancin doka bayan ciwo ya kama shi. Ina da shekara sha biyu ko kusa da haka. Idonsa ya fara yin rawaya, abinci ya daina shiga. Ya je asibiti shi kaɗai, ya dawo da 'yan ƙwayoyi a takarda. Umma ta tare shi a ƙofa, ta ce me daktor ya ce.

Ya ce, "Wai hantata ta gaji da ni. Na ce masa ni ban gaji da ita ba, sai ta yi haƙuri, aure ne."

Iyakar bayanin da muka samu ke nan, daga ranar har ƙarshe.

Daga nan ya hana a ce masa sannu. Ya hana a tambaye shi jiki. Maƙwabcinmu Alhaji Sale ya shigo dubiya da fuska a murtuke, yana ta "Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne," sai Baba ya janyo magwajin ɗinki daga wuyansa, ya ce, "Matso in auna fuskar nan, ya Hajj. Wallahi ta fi tob ɗinka, doguwar rigar nan, tsawo, sai an rage." Aka kwashe da dariya, har Alhaji Sale. Nan da nan labari ya zaga unguwa: in za ka gidan Idrisu, ka bar jimaminka a waje, ka shiga da abin dariya. Mutane suka so abin. Shagon ya riƙa cika da yamma, ana shayi ana ƙyaƙyatawa kamar gidan suna. Umma kuwa ta koma yanka albasa ko miyar ba ta buƙata. Ni na san dalili, ita ma ta san na sani, amma ba wanda ya isa ya ce komai.

Ba daga sama ya samo wannan ɗabi'a ba. Kaka ta baro ƙasar Kano da shi a goye, suka yi shekaru a hanya, suka yada zango a Bur Sudan kafin Allah ya nufa su tsallako teku. A can ya koyi ɗinki a wurin wani Bayahude, Khawaja Yakubu. A waje Baba ba ya cewa Bayahude, don a shekarun nan rediyo ba ta da magana sai ta yaƙi, kalmar ma in ta fito sai an waiga. "Maigidana na Bur Sudan" yake cewa. A cikin gida ne yake sakin baki. Ya ce mutumin ya kwanta doguwar jinya, shi yana riƙe masa shago, kuma duk ran da ya je duba shi sai ya tarar da shi cikin farar riga, an jingina shi da matashi, yana rera waƙa da 'ya'yansa, yana tsokanar kowa. Ya ce ya tambaye shi, "Khawaja, ba ka jin zafi ne?" Mutumin ya ce yana ji mana, amma a addininsu fara'a ibada ce, kuma Ubangiji bai ce a ɗage ta don mutum ba shi da lafiya ba.

"Kin ji, Safiya?" in ji Baba. "Mu ma ai liman kullum yana faɗa mana sakin fuska sadaka ne. To ni ba ni da dukiya, haƙoran nan su ne zakkata."

Ban ga laifin maganar ba a lokacin. Sai da na fara wanke masa kaya na lura tob ɗinsa duk an sake musu ɗinki. Da ya rame sai ya rage su ta gefe, ya ƙara ramewa ya ƙara ragewa, don kada su yi masa yawa a gane. Ta ciki layin zare ne bisa layin zare. Na tsaya riƙe da rigar a kan bahon wanki. Abin da nake so a duniya a lokacin guda ne: wani babba ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya, ubana zai tashi ko ba zai tashi ba, in kuwa ba zai tashi ba a bar ni in yi kuka a gabansa tun yana gani.

Kaka ce ta fi cancanta ta tsawatar masa, to amma shi ne ɗanta na fari. Ta tsallake sahara da teku, ta koyi Larabci har tana ciniki da shi, amma kunyar ɗan fari ba ta bar ta a hanya ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta nuna ta damu da shi. "Mai keke" take ce masa. In tana son ya sha magani, sai ta ɗaga murya ta ce da ni, "Ke, ki ce wa mai keke ga jiƙo nan yana hucewa." Shi kuma daga bayan labule ya ce, "Ki ce wa mai gyaɗa an gode." Suna jin juna sarai, amma sai maganar ta bi ta kaina.

A watannin nan ne Kaka ta fito da wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Ta ce, "To ga ta nan tafe, kowa ya matsa mata." Muka ce, "Ta shigo, ga tabarma."

Wai an yi wani tela a wani gari na bakin teku. Ran nan Ciwo ya yi sallama a ƙofarsa da ƙunshin kayansa, ya ce shi baƙo ne. Tela ya duba ya ga irin baƙon da ba ya koruwa ne, ya ce ya shigo. Ciwo ya hau ƙirjinsa ya zauna. Ran Lahadi tela ya yi ta nishi har maƙwabta na ji. Ran Litinin ya zagi likita, ya zagi maganin likita, ya zagi wanda ya koya wa likita karatu. Ran Talata ya yi kuka, matarsa ta zauna bakin gado ta taya shi. Sauran kwanakin ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu inda ke masa zafi, ya ce musu tsoro yake ji, ya ce wane ka kula da wance. Haka har Juma'a da yamma. Da rana ta kusa faɗuwa sai ya ce a yi masa wanka, a sa masa farar riga, matarsa ta kunna fitilu. Sannan ya dubi Ciwo ya ce, "Sauka ka jira a zaure. Asabar ta shigo, yau ba a kuka a gidan nan." Ciwo ya fita ba don yana so ba, ya tsuguna bakin ƙofa yana jin ana waƙa ana dariya a ciki. Sai washegari da taurari suka fito, tela ya ce a buɗe masa. "Shigo, ka ɗora daga inda ka tsaya."

Yara sun fi son wurin zagin likita, don Kaka na kwaikwayon muryar har da riƙe ciki. Ni kuwa tambaya ɗaya gare ni.

"Kaka, ya warke?"

"Miƙo mini matankaɗin can."

"Kaka, telan ya warke?"

"Ke wai ba kya ganin gyaɗa na ƙonewa?"

Kusan kullum sai ta maimaita tatsuniyar nan, har yaran maƙwabta suka fara ƙorafi a koma wa Gizo. Kuma kullum sai ta ƙara tsawon nishin telan, ta rage tsawon waƙarsa, tana yi tana ɗaga murya wajen labule. Baba ya gane wa ake nufi tun daren farko. Ya ce, "Safiya, ki ce wa mai gyaɗa gishirin ya yi yawa. Ni na san mutumin nan, ban taɓa jin nishinsa ba." Kaka ta ci gaba da juya yashi kamar ba da ita ake ba.

Wata rana da la'asar na gaji. Na shiga shago na tarar ba kowa sai Baba, yana zaune gaban keken amma ƙafarsa ba ta iya takawa, hannu kawai yake sa wa yana juya shi a hankali. Na tsaya a kansa.

"Baba, mutuwa za ka yi?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ni? Ban gama tob ɗin Alhaji Sale ba? Ko wa aka aiko sai ya jira in sa maɓalli."

"Abuya, wallahi ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, ya binti. Kin san halin Alhaji Sale, har kabari zai bi ni da rigarsa."

Na buga ƙafa a ƙasa, na yi ihu na ce ni ba jaririya ba ce, na ce kowa a gidan nan maƙaryaci ne. Umma ta shigo da gudu ta fizge ni waje, tana cewa, "Halas, ya isa! Ba ki da hankali? Mutum yana ƙoƙarinsa, ke kina son karya masa zuciya?" Ina jin sa daga ciki yana cewa a ƙyale ni, wai muryata ta yi kyau, in na girma a kai ni gidan rediyo. Wannan ya fi marin da Umma ta so yi mini zafi. Na tafi bayan randa na zauna, na ƙi cin abinci.

Da magariba ta yi yara suka taru, Kaka ta ba kowa gyaɗa a hannu ta ce su tafi gida, yau babu. Ta tura Usman wurin Umma. Ta hura wuta, ta ɗora kasko, ta ce in zo in zauna. Ba ta ce ga ta nan tafe ba. Ta juya ta fuskanci labulen, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Baba na kwance a kan benci a shago, don can ya fi iska.

Ta ce, "Safiya, telan nan sunansa Yakubu, kuma bai warke ba. Ni nake musu wanki a gida. Ran Asabar ba sa taɓa wuta, ni nake shiga in hura musu in ɗumama abinci. Ni na wanke zanin gadonsa. Ni na ji kukansa da kunnena, babban mutum yana kiran uwarsa. Na ga ya kama hannun 'yarsa, ba ta kai ki ba, ya ce mata tafiya zai yi, suka yi kuka tare har suka gaji. Yaron shagonsa kuwa kwana shida yana can yana riƙe da shago. Ran Asabar kaɗai ake rufewa, ran Asabar kaɗai yake zuwa dubiya. Farar rigar ya gani. Ya ɗauka haka mutumin yake kullum."

Ta ci gaba da juya yashi. Sannan ta ce, da muryar da ba ta da ƙarfi, "Rana ɗaya aka ce, ba bakwai ba. Yarinya tana da hakki ta ji. Uwarta tana da hakki." Ta ɗan tsaya. "Wasu ma suna da hakki."

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai ba ta faɗi wani abu ba. A wurin Hajja Yalwa wannan daidai yake da ta shiga ta rungume shi.

Har na fara zaton Baba barci ya yi. Can sai na ji ya ja numfashi, ya ce, "Safiya. Zo."

Na tashi na shiga. Fitilar shagon an rage ta, amma na ga fuskarsa, kuma babu dariya a kanta. Ban taɓa ganin ta haka ba, ta wani tsufa. Ya kama hannuna ya riƙe gam. Ya buɗe baki. Na ce a raina yau za a faɗa mini, idona ya riga ya cika, haɓata ta fara rawa. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na ga lokacin da ya fasa. Wallahi na gani, kamar yadda ake ganin mutum ya ɗaga ƙafa zai shiga ɗaki sai ya mayar.

Ya ce, "Wannan hancin naki, na rasa inda kika samo shi. Ba namu ba ne. Na dangin Ummanki ne, gobe ki mayar musu da abinsu."

Abin takaicin shi ne na yi dariya. Ta kuɓuce mini tare da majina da hawaye, shi kuma ya ce, "Yauwa, haka nake so," ya sake mini hannu. Da na fito na tarar Kaka ta bar gyaɗar ta ƙone ƙurmus, tana zaune tana kallon ta. Ba ta sake yin tatsuniyar nan ba.

Bai daɗe ba bayan haka. Ya rasu da hantsi ina makaranta. Aka ce maganarsa ta ƙarshe tsokanar Umma ce a kan shayi ba sukari. A zaman makoki kowa ya shigo sai ya yabe shi: bawan Allah, bai taɓa nishi ba, ya tafi yana dariya, Allah ya ba mu irin haƙurinsa. Ni ina gefe ina jin kamar in watsa musu butar gahawa. Su sun samu wanda zai ba su dariya da yamma su koma gidajensu. Ni ubana ya tafi bai ce mini sai wata rana ba. Kaka ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne. Ta dai daina suyar gyaɗa, ta sayar da kaskon.

Shekaru masu yawa na ɗauki abin a matsayin kuskure. Nakan ce Baba ya ari ɗabi'ar mutane bai tambayi yadda ake amfani da ita ba, ya ɗauki ta rana ɗaya ya ja ta ta rufe mako, kuma mu muka biya. Har yanzu ina ganin Khawaja Yakubu ya fi shi gaskiya. Fara'arsa ta yi daraja ne don iyalinsa sun san abin da ke ƙarƙashinta. Sai dai akwai abin da na daɗe ina tsallakewa: a daren nan Baba ya ji gaskiya daga bakin uwarsa, ya yarda da ita, ya kira ni don ya faɗa. Daga wannan lokacin ba rashin sani ba ne.

Yanzu na girme shi nesa ba kusa ba. Ina zaune a unguwar Madain Fahd tare da 'yata Nawal, kuma bara ƙodata ta tsaya, sai wankin ƙoda a asibiti. Nawal irin 'ya'yan yanzu ce, tana jin Hausa amma in za ta yi sai ta yi ta lalube. Kwanan baya mun dawo daga wurin likita, ya shiga da ni shi kaɗai ya faɗa mini abin da ya faɗa. Ta kwantar da ni, ta cire mini takalmi, ta zauna bakin gado. Sai ta yi mini Hausa, abin da ba ta yi sai magana ta kai magana.

"Ummi, daktor ya ce me? Gaskiya. Ni ba yarinya."

Barkwancin na bakina, har na shirya shi, mai kyau ne kuwa. Na haɗiye shi. Na kama hannunta na faɗa mata abin da likita ya ce, duka, na ce mata kuma tsoro nake ji. Na ga haɓarta ta fara rawa. Sai ta kife fuska a cinyata ta saki wani irin kuka, mace mai 'ya'ya uku, tana "La ya Ummi, la, la," wato a'a, a'a.

Ban san haka abin yake ba. Shekara da shekaru ina jin haushin an hana ni kuka, ban taɓa tambayar yadda yake ga wanda ake yi wa ba. Allurar wankin ƙoda ba komai ba ce a kan wannan. Duk jikina ya ce in tsayar da ita, in ce wasa nake, in tsokane ta, in yi duk abin da zai sa ta ɗago tana dariya. A nan na gane abin da Baba ya hango a fuskata ya ja da baya. Na yi masa addu'a a zuciyata, kuma ban fasa jin haushinsa ba.

Na cije leɓe, na ɗora hannu a kanta. Ta daɗe ƙwarai. Na bar ta ta gama.